Uwar Gurbet

A Kuzdere ba a barin matafiyi ya tafi a bushe. Ko kasuwar Sivas mutum zai je ya kwana biyu, yana juya baya wata za ta fito da buta ta sheƙa ruwa a sawunsa, tana cewa ya tafi kamar ruwa ya dawo kamar ruwa. Wanda aka zuba wa ruwa, ana son dawowarsa ke nan. Wanda ba a zuba wa ba kuwa, sai ya je ya binciki zamansa da mutanen gidansu.

Hediye ta zuba wa mijinta nasa a kakar da aka fara kwasar mazan ƙauyen zuwa Jamus, lokacin cikinta ya fara fitowa. Sunan mijin Dursun, wato "ya tsaya", don uwarsa ta sha binne jarirai kafin shi, shi ya sa ta laƙaba masa sunan da zai riƙe shi a duniya. A duniyar kam ya tsaya, a Kuzdere ne bai tsaya ba. Ya riga ya je Istanbul, likitocin Jamusawa sun buɗe masa baki sun duba haƙoransa kamar masu sayen ragon layya, sun ƙwanƙwasa ƙirjinsa, sun ce ya isa shiga ramin kwal. Ya dawo yana ta washe wa kowa baki don a ga haƙoran da suka ci jarrabawa.

"Shekara biyu ce fa, ke," ya ce da ita a bakin mota, yana gyara saz ɗinsa a kafaɗa, garayar nan tamu mai dogon wuya. "In samu na shanun huɗa da na sabon rufi, sai ki gan ni. Daina yi min wannan fuskar mana."

Ba ta ce komai ba, don ba ta da bakin cewa. A wancan zamanin amarya ba ta ɗaga murya a gaban surukai. Sai ta yi shekara da shekaru tana magana da ka da ido, har ranar da aka ga dama aka kwance mata baki. Ga shi kuma surukarta, Inna Zekiye, tana tsaye a gefe ta kafa mata ido. Motar ta ja, Hediye ta karkata butar tagulla, ruwan ya ɗan bi sawun taya a gangare, ƙasa ta shanye shi.

Ta haihu a tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Mace ce. Hediye ta daɗe da tanadar mata suna a zuciya, Bahar, sunan lokacin da furanni ke fitowa. Amma Inna Zekiye ta karɓi jaririyar ta duba ta sama da ƙasa ta ce, "Ubanta na gurbet aka haife ta. Sunanta Gurbet." Mata suka ce suna ya yi. Hediye ta haɗiye nata sunan da yawu, ta juya fuska bango.

Babu ɗan ƙasarmu da bai tsotsi kalmar nan a nono ba. Gurbet ita ce duk inda ba gida ba, inda za ka kwanta ciwo babu wanda ya san sunan uwarka. Kakanninmu sun ɗanɗana ta a Istanbul suna dako, iyayenmu a gonakin audugar Adana, yanzu kuma ta ƙara nisa ta koma Jamus. Rabin waƙoƙinmu zaginta ne, ɗaya rabin kuma roƙonta ta saki wanda ta riƙe. Duk da haka mukan sa wa 'ya'ya mata sunanta, kuma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi 'ya'yan yadda suke ji ba.

Dokar shirun amarya ba ta hau kan waƙa ba. Mace na iya yini ba ta ce uffan ba, amma in ta durƙusa a bakin tanderu tana manna gurasa, babu mai hana ta rerawa, don an ɗauka da wutar take yi. A nan mutanen Kuzdere suka fara sanin Hediye na da murya. Irin dogayen waƙoƙin nan take yi da ba su da kiɗa ba su da rawa, waɗanda ake jan kalma ɗaya har numfashi ya kusa ƙarewa. Ba ta koya a wurin kowa ba, abin da ke gabanta take faɗa:

Na toya gurasa ta mutum biyu,
ɗaya ta huce a cikin zane.
Gurbet, ke da ba ki da tanderu,
me kike ba shi da safe?

Maƙwabciyarta Gulsum, wadda nata mijin ma yana can, takan leƙo ta katanga hannunta duk ƙullu ta ce, "Ke Hediye, Allah ya shirye ki. Kin sa na zuba hawaye a ƙulluna, yau gishiri zai yi wa mutanen gidan nan yawa." Inna Zekiye kuwa sai ta yi kamar ba ta ji ba, ta shige ɗaka ta daɗe ba ta fito ba.

Shekara biyun ta haihu ta yi jikoki. Dursun yakan zo da rani, da hula mai gashin tsuntsu a gefe da rediyo rataye a wuya, yarinyar ta gan shi ta ruga bayan uwarta tana tambayar wane ne wannan. An sayi shanun, an yi rufin, sai kuma aka ga ai tarakta ta fi shanu. Kowace tafiya Hediye ta zuba ruwa, kowace tafiya ya ce baɗi. Inna Zekiye ta kwance wa surukarta baki a kan gadon mutuwa, abin da ta fara ji daga bakinta kuwa shi ne kalmar shahada da take laƙana mata. Bayan an yi arba'in Dursun ya ce babu sauran dalilin barin mace da yarinya su kaɗai a gida.

Ranar tafiyarsu Hediye ta kulle ƙofa ta rataya mabuɗin a wuya da zaren ulu. Gulsum ta fito da buta.

"Mayar da wannan," in ji Hediye. "Bokiti za ki ɗauko, 'yar uwa. Ki cika shi fal, ki juye duka."

Gulsum ta juye duka, har ya fallatsa wa direba a wando ya yi ta masifa.

A Essen suka sauka, a can ƙololuwar wani tsohon bene mai baƙin bango, banɗaki a kan matakala ana rabawa da maƙwabta. Hediye ta samu aiki a gidan wankin wani asibiti, tana guga cikin tururi daga safe zuwa la'asar, tare da mata 'yan Girka da 'yan Yugoslabiya da ba ta jin bakinsu ba sa jin nata. Jamusancin da ta koya bai wuce na gaisuwa da na sayen albasa ba, kuma da gangan ta ƙi ƙarawa. Mai tafiya baɗi me zai yi da yaren mutane? Akwatunan da suka zo da su ta ɗora su a kan kabad inda za ta riƙa ganinsu daga gado. Duk abin kirkin da suka saya, tukwane masu sheƙi, barguna, agogon bango, ba ta yarda a buɗe kwalinsa ba, na gida ne. Su kuwa suna shan shayi a kofunan da bakinsu ya ɓantare, suna kwana a kan katifar da wani ya bar musu.

Ranar Lahadi ce kaɗai take tasu. Mazan yankinmu sukan taru a ɗakin Dursun bayan azahar, kowa da baƙin kwal a gefen idonsa kamar ya sa kwalli, don sabulu ba ya fitar da shi. Dursun ya sauko da saz daga ƙusa. Gaskiya ba gwani ba ne, ramin ya riga ya cinye masa rabin yatsa ɗaya, amma ya san inda zai taɓa. In ya ja tsirkiya ya ja, sai ya karkata kai wajen kicin ya ce, "Uwar Gurbet, shayi ya isa haka. Ba mu ɗayan." Daga bayan labule muryarta take fitowa:

Gurbet, wuta ta cinye ki ƙurmus,
kin ci maza, kin dawo kan mata.
Mabuɗin gidana yana wuyana,
ƙofar tana can tana shan ruwan sama.

Sai ka ga ƙarti masu gashin baki sun sunkuyar da kai suna kallon ƙasan kofi. Wani ya tashi ya je taga ya tsaya yana kallon bututun hayaƙi. Matansu a kicin ba sa ma ɓoyewa, da bakin ɗankwali suke share fuska. Mu haka muke, sai mun yi kuka mun ƙoshi muke cewa zama ya yi daɗi.

Babu wanda ya lura da yarinyar da ke zaune a ƙarƙashin tebur da littafin makaranta. Wata Lahadi, bayan baƙi sun watse, ta zo ta tsaya a bayan uwarta tana wanke kofuna.

"Inna, me na yi miki?"

"Me kika yi kuwa?"

"Kullum sai kin ce wuta ta cinye ni. Kuma kowa ya yi ta kuka."

Hediye ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ƙwala wa mijinta kira ya zo ya ji abin da 'yarsa ta ce, shi ma ya dara. "Ba ke ba, sakarya," ta ce tana jan kumatunta da jiƙaƙƙen hannu. "Waccan babbar nake nufi. Ke ai ƙaramar ce." Labarin ya zaga gidajen 'yan ƙasarmu, aka yi ta maimaita shi ana dariya, har aka riƙa kiran yarinyar Ƙaramar. Ita dai ba ta yi dariyar ba. Daga ranar, in an sauko da saz sai ta ɗauki littafinta ta koma kan matakala.

Da Dursun ya sayi mota, suka fara zuwa gida hutun rani da kansu, tafiyar kwanaki ta ƙasashen mutane. A safiyar tafiyar farko an ɗaure kaya a kan mota har ta durƙusa. Akwai wata amarya a benen, Nermin, 'yar Izmir, yarinya mai son mutane. Motar na tashi ta fito da gudu da tukunya ta watsa ruwa a bayansu tana ɗaga hannu. Hediye ta hango ta madubi.

"Tsaya."

"Me kuma aka manta?" in ji Dursun.

"Na ce ka tsaya, Maigida!"

Ta fito ta tako har gaban Nermin, ta dubi jiƙaƙƙen titi ta dube ta.

"Me na tare miki, 'yar nan?"

"Yaya Hediye, ai don ku dawo lafiya ne..."

"In dawo ina? Nan? Gidan ubana ne nan? Ke uwarki ba ta gaya miki a ƙofar gida ake zuba ruwa ba? Ina tafiya gida kina kirana in dawo gurbet!"

Nermin ta fashe da kuka, wata tsohuwar Bajamushiya ta leƙo ta taga tana faɗa a kan an jiƙa hanyar mutane, Dursun yana ta danna oda. Hediye ta ciro ɗankwalin da ke kafaɗarta ta durƙusa tana goge titi, kamar titi zai gogu. Yarinyar tana kujerar baya a tsakanin kwalaye tana kallon uwarta. Da suka dawo ƙarshen hutu, Hediye ta ce ai ga shi nan, ruwan Nermin ne ya ja su. Ba ta yi wa baiwar Allah magana ba sai da babbar salla. Tun daga nan kowa ya san doka: a Essen ba a zuba wa Hediye ruwa.

A can gida ma ba wai an shimfiɗa musu darduma ba ne. 'Yan Jamus ake kiransu, mai shago ya gan su ya ƙara farashi, dangi su zo gaisuwa idonsu na kan kwalaye. Gurbet in ta yi magana yara su kwaikwayi harshenta. Hediye ba ta ga ko ɗaya ba. Tana sauka take cire takalmi ta taka ƙasa, ta hura tanderu, ta yini tana shanya yankakkiyar tuffa a kan rufi ita da Gulsum. Suka rushe tsohon gidan suka gina bene mai hawa uku, suka jera tukwane masu sheƙi da barguna da agogon bango, suka rufe kujeru da farin ƙyalle. Wata guda a shekara gidan ke ganin mutum. Ranar komawa Gulsum ta fito da bokiti ba sai an gaya mata ba.

Baɗi dai ba ta zo ba. Da farko a bari yarinya ta gama makaranta. Ta gama, ta shiga koyon aikin jinya, a bari ta gama wannan. Aka rufe ramin kwal, aka sallami Dursun da tarin da ba ya jin magani, likitan da ya san ƙirjinsa kuma yana Essen. Gurbet ta auri Kenan, wani mai gyaran lantarki ɗan mutanen Malatya, ta haifi biyu, wa zai riƙe mata su in tana aiki? Jikokin suna ce wa Hediye kaka da yarensu na can, ita tana amsa musu da namu, kuma ko ta yaya suna fahimtar juna, musamman a kan abinci. Zaman Lahadi ya yi ta raguwa. Wasu sun koma, wasu an mayar da su a akwati. Hutun rani ya zama na tsofaffin biyu kaɗai, don Gurbet ta ce ita hutunta kaɗan ne, ba za ta ƙarar da shi a inda ake kallonta kamar baƙuwa ba. Takan zo dai ta taya su ɗaura kaya, ta tsaya a ƙofar bene har motarsu ta sha kwana.

Dursun ya rasu a farkon bazara, a asibitin da matarsa ta yi shekaru tana goge zannuwansa. Ana gobe zai cika ya ce da ita, da ɗan abin da ya rage masa na numfashi, "Uwar Gurbet, kin ga shekara biyun nan ta ɗan ja." Ta ce, "Rufe min baki, tsohon banza," tana riƙe da hannunsa mai guntun yatsa. A cikin jirgi aka kai shi, shi a ƙasa tare da kaya, ita a sama kusa da taga. Aka binne shi kusa da uwarsa. A karo na farko tun yana matashi, Dursun ya tsaya.

Hediye ta koma Essen don abu ɗaya, ta kwashe ɗaki ta mayar da mabuɗi. Gurbet ta same ta a kan kujera tana sauko da akwatunan nan daga kan kabad.

"Inna, sauko kar ki faɗi. Ki zauna mu yi magana."

"Ina jinki daga nan."

"Mun gyara miki ɗaki a wurinmu. Kenan ya yi fenti. Yaran har sun rubuta sunanki a ƙofa."

"Allah ya yi masa albarka. Ku sa yaran a ciki."

"Wa ya rage a Kuzdere, fisabilillahi? Tsofaffi da karnuka. In hunturu ya zo hanya ta toshe, ciwon sukarinki ya tashi, wa zai kai ki asibiti? Inna Gulsum da sandarta?"

"Ubanki yana can."

"Baba ya rasu, Inna! Ni ce da rai. Ni ina nan."

Hediye ta sauko, ta dire akwatin, ta kaɗe masa ƙura da tafin hannu. "Ke 'yar nan, tun kina cikin zani nake jiran ranar nan. Ba zan mutu a gurbet ba."

Gurbet ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Na sani. Ai tun ina ƙarama nake ji. Duk Lahadi. Wuta ta cinye ni, na ci maza, na dawo kan mata."

"Kin san ba ke nake nufi ba."

"Na sani a kaina. Amma ko sau ɗaya, Inna, ko sau ɗaya kin taɓa kiran sunan nan a waƙa da daɗin baki?"

Matar da ta yi shekaru tana shiru a gaban suruka, yau ga ta tana yi a gaban 'yar cikinta. Ta sunkuya ta ci gaba da ninke kaya. Ta so ta ce sunan ba ita ta zaɓa ba, ta so ta faɗi wanda ta tanada, amma ta ga faɗarsa yanzu zai ƙara ciwo ne kawai.

Safiyar tafiya Kenan ne zai kai ta filin jirgi. Gurbet ta ce ita ba za ta iya zuwa ba, tana da aiki, kowa kuma ya san ba aikin ba ne. Ta sumbaci hannun uwarta ta kai goshi yadda ake yi, ta koma ta tsaya a ƙofar benen da ta girma a ciki, da rigar aikinta, hannayenta biyu a baya. Saz ɗin Dursun yana kan cinyar Hediye, an naɗe shi da bargo. Motar ta ja.

Hediye ba ta yi niyyar waiwayawa ba, madubi ne ya nuna mata. Ta ga mace tsaye ita kaɗai a bakin busasshen titi, furfura ta fara fito mata a gefen kai, tana ƙara ƙanƙancewa. Ta tuna duk wanda ta taɓa rabuwa da shi a duniya an jiƙa ƙasa a tsakaninsu, ban da wannan.

"Tsaya, ɗana."

"Inna, jirgi fa..."

"Jirgin ba na ubanka ba ne, ba na ubana ba. Tsaya."

Ta fito ta tako a hankali, ƙafafun ba irin na wancan lokacin ba ne. Gurbet ba ta motsa ba.

"Haka za ki bar ni in tafi a bushe, kamar wadda ba ta da kowa?"

"Ke kika hana."

"To na janye. Hau sama ki ɗebo."

Gurbet ta fito da hannayenta daga baya. Kwalbar ruwa ce, cike, an riga an cire murfin.

Hediye ta dubi kwalbar ta dubi 'yarta.

"Jira nake ku sha kwana," in ji Gurbet. "Kullum haka nake yi. Tun shekarar da kuka fara tafiya ba ni. Kuna shan kwana nake zubawa."

"Kowace shekara?"

"Kowace shekara."

"Ashe ke ce," in ji Hediye a hankali. "Ni ina can ina zagin ƙirjin ubanki da likitansa. Ashe ke kike jawo ni, 'yar banza."

"Ni ce. Ki yi faɗan in za ki yi."

Ba ta yi ba. Ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu kamar yadda take kama gurasa mai zafi, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ta nufi mota, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Ki zuba tun ban sha kwana ba. Ina so in gani."

Ta madubi ta ga ruwan ya bi gefen titi yana neman magudana.

Ta isa Kuzdere lokacin girbi. Ta yaye fararen ƙyallayen, ta gyara wa agogon bango lokaci, ta dafa abinci a tukwanen da suka shekara ashirin suna jiran wuta. Hawa ukun ya yi mata yawa, ta tare a ɗaki ɗaya na ƙasa. Kullum da hantsi takan je wurin Dursun ta cire ciyawa ta ba shi labarin gari, wanda bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba. Abin da ta roƙa shekara da shekaru ya samu, ga ƙasarta a ƙarƙashin ƙafarta, ga dutsen da ta sani, ga ruwan da ya san cikinta. Amma Gulsum ta lura duk ranar Lahadi ƙawarta na zama kusa da waya tun azahar, ta yi kamar tsintar alkama take yi. Da kaka ta ce wa Gurbet ta waya za ta leƙo su in dusar ƙanƙara ta narke, wata ɗaya kawai, kar su sa rai da fiye da haka.

Ba ta ga narkewarta ba. Ruwan da ya yi ta dawo da ita lokacin da ba ta so, sau ɗayan da ta roƙe shi bai yi aiki ba. Gulsum ce ta ga hayaƙi bai tashi daga gidan ba wata safiya a ƙarshen hunturu. Kafin a share hanya Gurbet ta iso, an riga an kwantar da ita kusa da mijinta.

Gulsum ta buɗe mata ɗakin. Saz yana rataye a ƙusa. A kan kabad akwai akwati, a daidai inda mai kwance a gado zai riƙa ganinsa. Gurbet ta sauko da shi ta buɗe: ɓarzajjiyar alkama a jakar ƙyalle, busasshiyar tuffa, safar ulu ƙanana ƙafa biyu, da wata babba.

"Tun kaka ta haɗa shi," in ji Gulsum, ta zauna a bakin gado tana dogara sanda. "Duk hunturun nan waƙa ɗaya take yi a bakin tanderu. Ta gurasar nan."

"Na san ta, Inna Gulsum. Na ji ta har na ƙoshi."

"Wannan ba ki ji ta ba, 'yata. Ni ma da farko na ce tsufa ne ya sa ta manta baitin. Mutum yana zaune a gidansa, me ya haɗa shi da kiran gurbet?"

Tsohuwar ba ta da murya, ba ta taɓa yi ba. Ta dai rufe ido ta ja ta yadda ta iya:

Na toya gurasa ta mutum biyu,
ɗaya ta huce a cikin zane.
Gurbet, ke da ba ki da tanderu,
me kika ci da safe?

Gurbet tana durƙushe a gaban akwatin, babbar safar a hannunta. Tun jiya take kan hanya, daga jirgi zuwa mota, daga mota zuwa bayan tarakta.

"Ban ci komai ba, Inna," ta ce, amma ba da Gulsum take ba.